Kayan wankin gilashin bene da tataccen ruwa: wanne ya dace da ruwan Katsina?

Wanda ya shiga intanet neman kayan wankin gilashin bene zai tarar da kaya iri uku ana tallarsu da hoto kusan iri ɗaya: mutum tsaye a ƙasa riƙe da doguwar gora mai buroshi a kai, ruwa na gangarowa a jikin taga can a hawa na uku. Akwai tukunyar rezin ita kaɗai, wato ƙananan ƙwayoyi masu tsotse ma'adinan ruwa. Akwai keken turawa da ya haɗa rezin da injin RO, mai tace ruwa ta hanyar matsa shi cikin siririyar fata, wanda ake shigowa da shi daga Turai ko Amurka ko Sin. Akwai kuma injin RO da ake harhaɗawa a nan gida da kayan da gidajen ruwan leda ke aiki da su. Dukkansu suna fitar da ruwan da ake nema. Bambancin yana wajen nawa kowace lita za ta riƙa ci maka bayan wata uku, kuma ruwan unguwarku ne zai yanke wannan, ba sunan kamfanin da ke jikin injin ba.

Dabarar aikin ba ta da wuya. Ana tura ruwa ta siririn tiyo ya hau cikin gorar ya fito ta tsakiyar buroshi, a cuɗa gilashi da firam ɗinsa, a ɗauraye, a bar shi ya bushe da kansa. Ba omo, ba tsumma, ba tsani. Farin tabon da ruwan famfo ke bari idan ya bushe ma'adinai ne da suka narke a cikinsa, irin su kalsiyam da magniziyam da gishiri. Ruwa ya tafi, su sun zauna. In an cire su tun farko, gilashin zai bushe fes. Ana auna yawansu da ƙaramar mitar TDS ta aljihu, lambar da take nunawa kuwa ppm ce, wato miligiram nawa ne a kowace lita. Daga 0 zuwa 5 lafiya lau. Da ta kai 10 tabo ya fara nunawa, tun ba ma a gilashi mai duhu da rana ke duka ba. Mizanin ruwan sha na Najeriya ya amince da har 500, don haka ruwan da za ka sha ka ji garɗinsa yana iya ninka iyakar wannan aiki sau hamsin. Ruwan leda ma haka: wani gidan nasa yana ƙasa-ƙasa, wani kuwa bai fi na burtsatsen da suka ɗebo ba, sai an auna.

Saboda haka mitar ce sayayya ta farko, kuma guda biyu, domin ranar da ɗaya ta fara ƙarya ɗayar ce za ta tona ta. A auna ruwan burtsatsen gida, da na famfo idan yana zuwa, da na 'yan garuwan da ake saye a wurinsu. Ruwan famfon birnin Katsina da ke zuwa daga madatsar Ajiwa, da na Daura daga Sabke, ruwan dam ne. Irinsa yakan zo da ƙarancin gishiri amma da laka, musamman da damina, ga kuma kulorin. Na burtsatse yakan fito garau a ido amma yana iya zama mai zartsi, kuma burtsatse biyu a layi ɗaya ba lallai su ba da lamba ɗaya ba. A auna a ƙarshen bazara, a sake aunawa a tsakiyar damina, sannan a yi lissafi da lambar da ta fi muni.

Tukunyar rezin ita kaɗai

Ita ce mafi sauƙin kuɗi ranar saye, shi ya sa masu farawa ke rububinta. Tukunya ce ta faiba ko roba, cike da ƙwayoyin rezin da ba su kai ƙwayar gero ba, ruwa ya ratsa su ya fito a sifili. Ba ta son wuta, ba ta zubar da ko ɗigo, ba a jira. HydroPower ta kamfanin Unger ita ce aka fi sani a wannan aji: mita na jikinta, murfin yana buɗewa ba tare da sifana ba, rezin yana zuwa a ƙulle cikin jaka sai dai ka cire tsohuwa ka jefa sabuwa. Wajen ƙira ba abin kushewa. Sai dai an yi ta ne don inda ruwa ke da sauƙin ma'adini kuma rezin yana shagon bayan gida.

Ga lissafin. Litar rezin mai kyau tana kama wajen giram 25 zuwa 30 na narkakken ma'adini kafin ta mutu. Mai gora ɗaya da ke sakin lita ɗaya da rabi zuwa biyu a minti yakan sha lita 300 zuwa 400 a cikakken yini. Mu ce 350. Idan ruwanka 60 ne, giram 21 ke nan a rana, buhun lita 25 zai kai ka wajen wata guda. Idan 300 ne, giram 105 ne a rana, kusan lita huɗu ta rezin, buhun ya ƙare cikin kwana shida ko bakwai. Rezin kuwa kayan waje ne, farashinsa na bin dala, kuma ba a kasuwar Katsina za ka tsince shi ba, sai an aiko daga Kano ko Legas. Ka tambayi kuɗin buhu a yau, ka raba da waɗannan kwanaki, ka ɗora a kan abin da banki ko otal zai biya na wanki ɗaya. A ƙasa da 100 tukunyar tana da riba. Tsakanin 100 da 150 sai mai ɗan aiki jefi-jefi. Sama da haka dillalin rezin kake yi wa aiki.

A wajen sayen rezin ɗin ma akwai tarko, kuma ba kullum ne da gangan ba. Mafi yawan abin da shagunan kayan tace ruwa ke ajiyewa rezin tausasa ruwa ne, wanda ake farfaɗowa da gishiri. Shi musaya kawai yake yi, ya karɓi kalsiyam ya ba da sodiyam, lambar mita ba ta sauka, gilashi kuma ya bushe da tabonsa. Wanda ake buƙata shi ne gauraye, mai ƙwaya iri biyu a buhu ɗaya, irin su Tulsion MB-115 ko Purolite MB400. Gwajin minti biyu ne: a zuba cokali biyu ko uku cikin rabin kofin ruwan famfo, a juya sosai, a tsoma mita. Gauraye zai ja lambar ta yi ƙasa warwas, na tausasawa zai bar ta kusan inda take. Kuma kada wani ya ce maka za a farfaɗo da gauraye da gishiri idan ya mutu. Sai an raba ƙwayoyin biyu an wanke ɗaya da asid ɗaya da soda mai ƙuna, aikin masana'anta ne. Buhun da aka buɗe a ɗaure bakinsa tam a ajiye a inuwa, domin iska da bushewa da zafi duk suna cin ƙarfinsa tun bai ga ruwa ba.

Wanda ruwansa ya ba shi damar zama a kan rezin, to ya sayi tukwane biyu marasa suna masu cin lita 10 ko 11 maimakon ɗaya mai tsada, ya jera su. Idan ruwan ƙarshe ya kai 5, sai a zubar da na tukunyar farko, ta biyu ta dawo gaba, sabon cikawa ya koma baya. Ta haka ana tatse rezin har ƙarshensa, maimakon zubar da shi da sauran rai. Warin kifi daga tiyo alama ce ta cewa ya riga ya wuce, a nan ruwan da ke fita yana iya fin wanda ke shiga muni.

Akwai kuma ruwan sama, wanda ba a cika lissafa shi ba. Daga kwano mai tsabta lambarsa takan zama ƙarama ƙwarai. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce, rufin da ya kai murabba'in mita 100 kuwa zai tara lita 2,000 daga ruwa guda mai milimita 20. A bar zubin farko ya wanke ƙurar kwano da kashin tsuntsaye, a tara sauran a tankin roba mai murfi, ba kwalbatin siminti ba, don siminti yana sakin ma'adini. Daga Yuni zuwa Satumba wannan kaɗai da tukunya ɗaya ya isa. Matsalar dai ita ce kasuwar wanki ta fi ci da hunturu, lokacin da tankin ya daɗe da ƙafewa.

Injin RO

Shi tura ruwa yake yi da ƙarfi ta cikin naɗaɗɗen mambiren, wato siririyar fatar tacewa, mai kyau ya ratsa, gishirin ya bi ta wani tiyo tare da ruwan zubarwa. Mambiren mai lafiya yana cire kashi 95 zuwa 99 cikin ɗari. Ruwa mai 300 zai fito wajen 9, sai a bi da shi ta ƙaramar tukunyar rezin ta share ragowar. Koma kan lissafin ɗazu: giram uku da 'yan kai a rana maimakon 105, buhun da ke ƙarewa a mako yanzu zai doshi wata bakwai. A aikace yakan ɗan gaza haka, domin iskar kabon da ke cikin ruwan burtsatse tana ratsa mambiren, mita ba ta nuna ta sosai, amma tana cin rezin. Duk da haka tazarar ba ta misaltuwa.

Keken turawa na waje yana da kyaun gani, filta da mambiren da rezin duk a firam ɗaya, ka ja shi wurin aiki ka jona da famfon mai gida. A nan gizo ke saƙar. Waɗanda suka ƙera shi sun ɗauka famfon gini yana zuwa da matsin psi 40 zuwa 60 (psi ma'aunin ƙarfin matsi ne). A Katsina ruwan gini daga tankin sama yake saukowa, kuma tsayin mita 10 ba ya ba da abin da ya wuce psi 14 da ɗoriya. Tankin da ke kan ƙarfe mai mita shida bai kai psi 9 ba. Da wannan matsi mambiren ɗigo kawai zai riƙa yi. Dole sai wanda ke da injin ƙara matsi a jiki, shi kuma yana son wuta a wurin aiki, in na Amurka ne ma a duba kada ya zama mai bolt 110. Ƙari a kan haka, kowane gini da irin ruwansa: yau mai kulorin, gobe mai tsatsa, jibi a ce tanki babu ruwa. Filtocin wasu kekunan kuma girmansu na kamfaninsu ne kaɗai, in sun toshe sai oda. A ganina wannan shi ne mafi raunin zaɓi a nan, ko da kuɗin ba matsala ba ne.

Abin da ya fi dacewa shi ne injin ya zauna a gida, a inuwa, kusa da tushen ruwa ɗaya da ka san halinsa, ya cika tanki, kai kuma ka ɗebi tataccen ruwa zuwa wurin aiki. Duk kayansa na gama-gari ne da dillalan kayan gidajen ruwan leda ke sayarwa, kuma masu gyaransu ba su da wuyar samu. Jerin shi ne: tankin ɗanyen ruwa, filtar laka mai maikiron 20 (girman ramukanta ke nan), wata mai maikiron 5, filtar gawayi, injin matsi, mambiren, rezin, tankin ajiya. Gidajen filta a ɗauki masu inci 20, ba masu inci 10 ba, in ba haka ba da damina canji ba zai ƙare ba.

Girman mambiren shi ne inda ake yawan kuskure. Na kicin, mai lamba 75, galan 75 ne a awa 24, wajen lita 12 a awa; kafin ya tara na yini ɗaya ya ci fiye da kwana. Kada a saya. Mai lamba 400 yana ba da wajen lita 60 a awa a takarda, famfonsa ƙarami ne mai bolt 24 ko 36, inbatar sola tana ɗaukarsa ba tare da kuka ba, cikin awa shida zuwa takwas ya tara wa mai gora ɗaya abin da zai ishe shi. Babban, 4040, mai faɗin inci huɗu da tsawon inci arba'in, yana ba da lita 250 zuwa 400 a awa gwargwadon iri da matsi, amma yana son injin doki ɗaya ko ɗaya da rabi. Wutar gidanka ce za ta zaɓa maka. Mai sola ya ɗauki 400, in aiki ya ƙaru ya ƙara na biyu a gefensa. Wanda ke jiran KEDCO ko janareta ya ɗauki 4040, ya gama tara ruwansa cikin awa ɗaya da rabi kafin a ɗauke. In 4040 ne, a nemi mai aiki da ƙaramin matsi, wajen psi 100, ba wanda sai an kai shi 200 da wani abu ba. Filmtec ya fi suna, Vontron ya fi sauƙin kuɗi kuma yana aiki. Kowanne aka ɗauka ya zo a ledarsa a rufe da lambarsa, don kwali ba shaida ba ne.

Abubuwan da ke kashe mambiren sanannu ne, kuma kusan duk daga hannun mai shi suke. Na farko kulorin: yana cinye fatar mambiren, ba kuma ta warkewa. Alamarsa ruwa ya ƙaru, lambar mita ma ta ƙaru. Mai ruwan famfo ya riƙa canza filtar gawayi duk wata biyu ko uku ko da ta yi kyau a ido, domin ita mutuwarta ba ta nunawa. Sai rowar ruwan zubarwa. Mutum ya ga rabin ruwansa na tafiya a kwata, ga tsadar ruwa, sai ya matse bawul. Gishirin da ya rasa hanyar fita sai ya daskare a jikin mambiren, ruwa ya ragu, matsi ya hau. A bar shi aƙalla lita ɗaya ta zubarwa ga kowace lita mai kyau, in ruwan mai zartsi ne ɗaya da rabi ko biyu. Ba asara ba ce in an tara shi a duro: wankin tsakar gida, banɗaki, wankin babur duk yana yi. Sai tsatsa. Idan ruwan burtsatse ya kwana a bokiti ya yi ja-ja, ko cikin tanki ya yi launin ƙasa, to a bar shi ya sha iska ya kwanta a tanki na dabam, a bi da shi ta tukunyar yashi kafin filta.

Zafi kuma namu ne na musamman. Alƙaluman da ke jikin mambiren an auna su ne a digiri 25. Ruwa mai ɗumi ya fi saurin ratsawa, wajen kashi uku cikin ɗari a kowane digiri, amma gishiri ma ya fi ratsawa, iyakar abin da mambiren ke jurewa kuwa digiri 45 ne. Baƙin tanki a tsakiyar rana cikin Afrilu yana iya dosar wannan. A yi wa tankin rumfa, a riƙa tace ruwa da asuba ko bayan isha'i. Duk lokacin da aka kunna, a karkatar da ruwan minti biyu na farko da ɗan bawul kada ya shiga rezin, domin wanda ya kwana a ciki lambarsa takan yi sama. Wannan ɗan bawul ɗin kaɗai yana ƙara wa rezin kwana sosai. In an gama a buɗe bawul ɗin zubarwa gaba ɗaya na minti biyu ko uku mambiren ya wanke kansa. Kada ya bushe, kada kuma ya yi fiye da mako bai yi aiki ba. In tafiya ta kama, a sa yaro ya riƙa kunna shi minti goma duk kwana biyu ko uku.

Mai ƙaramin jari yana da wata hanya kafin ya mallaki injin: ya je gidan ruwan leda ko na gora da ke da RO na gaske, da mitarsa a aljihu, ya auna a bakin injin. In ya samu ƙasa da 20, ya shirya da su a riƙa cika masa jarkoki, shi kuma ya ƙarasa da tukunyar rezin ɗaya. Kowane ɗiba a auna, don ranar da mambiren ɗinsu ya gaji ba kai za su fara gaya wa ba.

Ɗaukar ruwa da gora

Lita ɗaya kilo ɗaya ce, jarka 14 masu lita 25 kilo 350 ke nan, aikin a-kori-kura ko babur mai ƙafa uku na kaya. Jarkoki su zama sababbi fil, ba na mai ko manja da aka wanke ba. In tanki ɗaya za a ɗora, a ɗaure shi da bel ga jikin mota, a tafi da shi cike ko wofi, domin rabin tanki yana tunkuɗa mota a birki da kwana. Duk mahaɗan da tataccen ruwa zai bi su zama roba ko ƙarfen da ba ya tsatsa. Yana cin baƙin ƙarfe da tagulla a hankali, lambar da ka sha wuya ka sauke ta sake hawa.

Famfon da aka saba da shi shi ne Shurflo mai bolt 12, psi 100, wajen lita biyar a minti, da na'urar rage gudu don a tsayar da shi a ɗaya da rabi zuwa biyu. Amma sabon injin feshi mai batir na manoma, mai lita 16 ko 20, yana yin wannan aiki a ƙananan gine-gine: a cire sandar feshin a jona tiyon gora, a ɗora shi a ƙaramin keke maimakon goyo. Cikawa ɗaya minti goma ne ko ɗan fi. Sharaɗin dai kada ya taɓa ganin maganin ciyawa ko na ƙwari.

Kuɗin da aka rage a wajen injin, a gora ya kamata a zuba shi, don ita ce a hannu tun safe. Ta faiba tana da araha, kuma har ƙafa 18 ko 20 ba laifi. Daga nan sai nauyi da lanƙwasa, buroshi ya ƙi zama inda ka sa shi, kafaɗa ta gaji kafin azahar. Araha ba ta ado. Ta kabon mai ƙafa 25 ba ta cika wuce kilo ɗaya da rabi ba, kuma a miƙe take. Bene mai hawa ɗaya ƙafa 18 zuwa 22 sun isa, mai hawa biyu 25 zuwa 30, a tuna kuma ba a gindin bango ake tsayawa ba, ja da baya yana cin tsawo. Gardiner ta Ingila ta yi suna a nan, akwai kuma na Sin masu sauƙi. Kowacce ce, a tambaya ko ana samun makullan gaɓoɓinta dabam, don su ke fara lalacewa. Yashinmu ne babban abokin gabarta. Tiyo ya ja ƙasa ya shige cikin gora da ƙura, gaɓoɓi su riƙa gogar juna har su sirance su daina kamawa. A riƙa share tiyon da tsumma yayin naɗe gora, duk mako a zare gaɓoɓin a wanke.

Wutar lantarki tana bin gorar kabon. Wayoyi masu bolt 11,000 da 33,000 suna wucewa dab da benaye a manyan tituna, kuma ba sai an taɓa su ba wuta ke tsallakowa. Dokar aiki ta Amurka ta sa tazarar ƙafa 10 ga irin waɗannan layuka, amma da gora mai ƙafa 30 tambayar da ta fi ita ce: in ta kuɓuce ta faɗi, za ta kai ga waya? In za ta kai, a bar wannan fuskar ginin. Gaɓar ƙasa mai rufin faiba tana taimakawa, ba ta zama lasisi ba.

Buroshi biyu sun isa: mai gashi tsaye wanda ba ya riƙe yashi, don ƙurar hunturu, da mai laushi don gilashi mai rufin madubi da allon alukobon, wato farantin alminiyam da ake rufe bangon gini da shi. Bakin feshi mai tsayayyen zare na milimita biyu ya fi dacewa da iska, mai baza ruwa kuma ya fi a gilashin da ruwa ke dunƙulewa a kansa maimakon ya shimfiɗu.

Kafin duk wannan, a zaga a dubi gine-ginen da ake sa ran samu. Bankuna da filazozi da otal-otal da gidajen mai irin na titin IBB da Yahaya Madaki da hanyar Kano, masu faffaɗan gilashi da alukobon, su aka yi wa wannan kaya. Farantan sola ma kasuwa ce babba, wataƙila ta fi ta tagogi da hunturu, kuma su ruwan RO kaɗai ya wadatar, ba sai an ƙona rezin ba. A wanke su da sassafe kafin su ɗau zafi, kada kuma a taka su. Gidajen zama kuwa akasari ba sa karɓar gora: raga a waje, ƙarafan tsaro a gaban gilashi, ko luba. Tagar alminiyam mai zamewa in ramukan fitar ruwanta sun toshe da ƙasa, ruwan ɗakin mutane zai shiga, don haka a duba tukuna. Tabon siminti da fenti na sabon gini, da tsohon tabon ruwan burtsatse da ya ci gilashi, tataccen ruwa ba ya fitar da su, a faɗa wa mai gini tun kafin a yi ciniki.

Wankin farko kusan kullum yana barin zane-zane, sai a ɗora wa injin laifi alhali tsohon omo ne da ƙurar da ke cikin robar firam suke tsiyayowa. A fara da firam na sama a cuɗa shi sosai, a wuce tagogin gaba, a dawo bayan ya daina ɗiga a wanke gilashin kaɗai ba tare da an sake taɓa saman ba. Inda ƙura ta yi kauri a fara sauke ta da ruwan RO, a ƙare da na sifili. Ranar da hazo ya sauko da iska a ɗaga aikin, don jiƙaƙƙen gilashi kama ƙura yake yi.

Ranar karɓar injin daga hannun wanda ya harhaɗa, kada a cika masa kuɗi sai ya yi aiki na minti 30 a kan ruwan gidanka. A nemi geji biyu, ɗaya kafin filtoci ɗaya a bakin mambiren. A auna ruwan shiga da na fita kafin rezin, a cire na biyu daga na farko a raba da na farko. Sabon mambiren da bai kai kashi 95 ba, ko dai robar bakinsa ba ta zauna ba ko kuma ba sabo ba ne. A sa bokiti biyu, ɗaya a tiyon mai kyau ɗaya a na zubarwa, a ga abin da kowanne ya tara a minti ɗaya. A rubuta waɗannan lambobi da matsin geji da kwanan wata a jikin bango kusa da injin. Duk ranar da ruwan fita ya ragu da kashi 15, ko cirewar ta sauka ƙasa da kashi 90, a fara da canza filtoci a sake aunawa kafin a taɓa mambiren.